Matar da Ta San Kofin Kowa

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta yi shekara ashirin da shida a wata masana'anta da ke ɗinka kayan 'yan makaranta da rigunan ma'aikata, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama kan keken ɗinki ba. Ita aikinta a ɗakin shayi yake, wani ɗan tsukukun ɗaki mai taga ɗaya a bayan zauren kekuna. Abin da ke ciki bai wuce famfo ba, da baho biyu, da babbar butar dafa ruwa, sai katakai huɗu da aka kafa a bango, cike da kofuna.

Mu saba'in da 'yan kai ne a wurin, kowa da kofinsa. Ba a rubuta suna a jikin ko ɗaya ba, komai a kan Gwaggo yake. Ta san na tangaran mai tsaga a baki na wace ce, ta san na silba mai lotsa a gindi na wane ne. In sabon ma'aikaci ya zo, takan dube shi sama da ƙasa, ta miƙa hannu ta ɗauko masa ɗaya, shi ke nan ya zama nasa har ya bar aiki. Ni da ta samo mini aikin ɗinka maɓalli, wani ɗan ƙarami shuɗi ta ba ni.

Na ce, "Gwaggo, ni fa 'yar gida ce, a ba ni babba."

Ta ce, "Ke da ba kya shanye rabi? Karɓi, kar ki yi mini asarar madara."

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, in tana tafiya takan ɗan ja ƙafar hagu. Tsakanin yatsunta kullum fari fat saboda ruwan sabulu. 'Ya'yanta biyar duk sun girma sun bar gida, daga ita sai maigidanta, wanda ya bar tuƙin mota tun da idonsa ya yi rauni, da kajinta, da ɗan lambun da take yi a bayan ɗaki.

Ina da shekara biyu a wurin aka kawo sabon manaja, matashi mai fara'a, mai gaida kowa. Ya zo daidai lokacin da tari ya zagaye zauren, kuma famfo ya fara yin kwana biyu bai kawo ruwa ba. Wata Litinin da safe ya shigo ɗakin shayi, wani na biye da shi ɗauke da doguwar leda, fararen kofuna a ciki an cusa su cikin juna.

Ya ce, "Mama, na zo in hutar da ke. Daga yau babu wanke-wanke. Kowa ya sha ya yar."

Gwaggo ta goge hannunta a zani ta zaro ɗaya. Ta ɗaga shi, ta juya shi, ta ɗan matsa da yatsa, wurin ya lotsa.

"Wannan kofi ne ko iska?"

Manaja ya yi dariya. "Kin kusa, Mama. Yawancinsa iska ce, robar kaɗan ce. Shi ya sa ba ya ƙona hannu. Gwada ki gani."

Ta zuba tafasasshen ruwa ta riƙe. Ta daɗe tana riƙe da shi. Ba ta iya ƙarya ba, sai ta ce, "Lallai kam. Wanda ya yi wannan yana da kai." Sannan ta tambaye shi, "To ni kuma fa?"

Ya ce shara za ta koma, ita da tsakar masana'antar da bakin ƙofa, kuma ita za ta ci gaba da dafa ruwan. Ba a kore ta ba, ba a kuma rage mata komai ba. Ranar da yamma na taya ta naɗe tsofaffin kofunan cikin ragowar yadi, muka jera su a kwali uku, muka tura ƙarƙashin matakala. 

Gaskiya mu mun ji daɗin sabon kofin. Kofin soso muke ce masa, wasu su ce sha-ka-yar. Za ka ajiye shayinka gefen keke, ka gama hannun riga guda ka dawo ka same shi da zafinsa. In ya faɗi ba ya fashewa. Ba sai ka koma ɗakin shayi ka mayar ba. Tarin ma ya wuce, ko don kofin ne ko don lokacinsa ya yi, Allah masani.

Gwaggo ce kawai ke ganin inda suke zuwa bayan an sha. Mutum saba'in, shayi sau biyu, ga masu ƙarawa, ga masu ɗauka don shan ruwa. Kafin la'asar gangar shara ta cika ta batse, amma in an juye su a buhu, da yatsa biyu ma ka iya ɗaga shi. In iska ta taso sai su tashi daga bakin gangar su bazu a tsakar gida suna gangarawa, Gwaggo na bin su da tsintsiya tana jan ƙafa. Wanda aka taka kuwa ya fi ba ta wahala, don rugurgujewa yake ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi, su manne a tsintsiya, su manne a zaninta, su shige tsagar siminti.

Takan ce, "Da ina wanke abu ɗaya sau dubu. Yanzu ina share abu dubu, kuma ba ya sharuwa."

Akwai wata mata da ke zuwa ran Laraba tana sayen robobin ruwa da gwangwanaye da kwalaye. Gwaggo ta tara mata buhu huɗu na kofunan, har ta ɗauraye su. Matar ta leƙa buhun ta ture shi da ƙafa.

"Yaya, wannan ko kyauta ba na ɗauka. Inda nake kaiwa awo suke yi. In cika kurar da nake turawa da shi, a ɗora a sikeli, allura ko motsi ba za ta yi ba. Ba mai narka shi a garin nan."

Direban motar shara shi ma ba ya murna da ganinsu. Ya ce suna cinye masa wuri, ya yi sawu biyu a kan abin da bai kai nauyin buhun ƙasa ɗaya ba. Gwaggo ta tambaye shi me ke faruwa da su a can juji.

Ya ce, "Me zai faru? Suna nan. Ganye ya ruɓe, takarda ta ruɓe, har takalmi yakan gaji. Wannan tun ina karen mota nake ganin irinsa, ga ni da furfura, yana nan fari tas. Ko tsutsa ba ta kula shi."

Maigadin ƙofa ya ce shi zai yi maganin abin. Wata rana da hantsi ya tara su bayan katanga ya ƙyasta ashana. Nan take suka shige cikin juna suna ɗiga kamar kitse, wani baƙin hayaƙi mai kauri ya tashi, warinsa na shaƙe maƙogwaro. Iska ta kwaso shi ta tagogi ta shigo mana zaure, ga fararen riguna ɗari biyu a rataye. Muka yi ta tari, baƙar ƙura na sauka kan kwalar riguna. Gwaggo ce ta fita da bokiti ta kashe wutar. Abin da ya rage a ƙasa wani baƙin dunƙule ne mai tauri, sai da aka sa shebur aka ɓamɓare shi.

Daga nan ta fara kai su gida. Ba ta son ganin abu mai kyau ya tafi a banza, kuma kofunan, in an ɗauraye, kamar sababbi suke. Ta huda gindinsu da ƙusa, ta cika su da ƙasa, ta yi renon tumatir da barkono. Suka fito da kyau kuwa. Na je na tarar da su jere a gindin katanga, fiye da ɗari, maigidanta na zaune a kan tabarma yana kallonsu.

Ya ce mini, "'Yata, zo ki ga ma'aikatan gwaggonki. An hana ta ba mutane shayi, ta koma ba tumatir."

Gwaggo ta ce, "Su dai ba sa cewa sukari bai ji ba, ba kamar wani ba."

Shekara ɗaya abin ya yi kyau. Amma rana da ruwa suka cinye ƙarfin kofunan, suka yi rawaya, ka taɓa su farfashe. Ƙwayoyin suka cakuɗe da ƙasar lambun. Kaji kuwa suka ɗauka tsaba ce, suka yi ta tsattsaga. Ran da ɗanta na biyu ya zo da iyalinsa ta yanka musu kaza, tana gyarawa ta buɗe ƙundun, sai ga fararen ƙwayoyi cunkushe a ciki, ko ɗaya bai narke ba. Ta kira maigidanta ya matso da fuska ya duba. Wannan karon bai yi wasa ba.

Ta yi sati uku, kullum in ta dawo daga aiki, tana tankaɗe ƙasar lambun da tsohuwar rariya. Ganyen da ta binne bara ya zama taki, guntayen yadin da ta kawo daga wurin aiki sun ruɓe, amma farin abin nan yana nan. Ta cika leda biyu da shi, ta rasa inda za ta kai, ta mayar da shi gangar sharar masana'anta.

A damina ta uku bayan zuwan kofunan aka yi wani ruwa tun safe har azahar. Bayan katangarmu akwai kwata da ke bi ta ƙarƙashin titi. Wajen sha ɗaya mai kula da sito ya shigo a guje, wandonsa jiƙe har gwiwa, ya ce ruwa na shiga sito. Muka bar kekuna muka yi layi muna miƙa wa juna bandir-bandir na yadi zuwa sama. Na ƙasa dai sun riga sun sha ruwa.

Da ruwan ya tsagaita maza suka fita da dogayen ƙarafa suka zungure bakin kwatar. Ni da Gwaggo muna tsaye ƙarƙashin lema ɗaya. Abin da suka jawo ya yi tudu: leda, robar ruwa, tsumma, da fararen kofuna da kwanukan soso na abinci, wasu lafiyarsu lau, suna yawo a kan ruwan kamar agwagi. Ba namu ne kaɗai ba, na dukan layin ne, har da na masu abinci da ke bakin titi. Manaja na tsaye da takalminsa a hannu. Gwaggo ba ta dube shi ba, ba ta kuma ce ai na faɗa ba, don dama ba ta taɓa faɗa masa komai ba. Ta koma ciki ta ɗora ruwa, ta ce mutane sun jiƙe.

Na zaci za a daina kawo kofunan. Ba a daina ba. Manaja ya sa aka sayo ganguna masu murfi, aka kafa raga a bakin kwatar, aka ƙara wa Gwaggo aikin kwashe abin da ragar ta tare duk safiya.

Wanda ya canja al'amarin, ba da niyya ba, shi ne tsohon mai yanka mana yadi. Almakashi kowa ke ce masa, don ko wurin cin abinci da shi a aljihu yake zuwa. Ya girmi Gwaggo da aiki a wurin. Shi baƙin shayi yake sha da yankan lemun tsami, ɓawo da komai. Wata rana ya leƙo ɗakin shayi riƙe da kofinsa, ya nuna mata ciki. Inda ɓawon lemun ya jingina, jikin kofin ya ɗan zaizaye ya yi rami.

Ya ce, "Ƙanwata, dubi nan. Wurin nan da ya cinye, ina ya tafi?"

Ta ce, "Kai za a tambaya, Yaya. Kai ka sha."

Ya shafa cikinsa. Can ya ce, "Nawa na da, mai hannun da na ɗaure da zare, an zubar?"

"Wa zai zubar?"

Ta je ƙarƙashin matakala ta durƙusa, ba ta yi lalube ba, kwali na biyu ta buɗe ta zaro shi. Ta wanke, ta zuba masa. Da ya gama ya kawo mata, ta sake wankewa ta kife shi shi kaɗai a kan katako.

Kwana biyu bayan nan mata biyu daga ɓangaren guga suka zo neman nasu. Sai mai kula da sito. Ba wanda Gwaggo ta kira, ba wanda ta yi wa wa'azi. In ka zo ka tambaya ta ɗauko maka, in ka miƙa hannu ga na soso ta zuba maka ba tare da ta canja fuska ba. Kafin wata biyu katako ɗaya ya cika.

Manaja ya shigo wata rana ya tarar da ita hannu cikin kumfa. Ya tsaya yana ƙirga kofunan da ido.

"Mama, wa ya ce ki koma wanke-wanke?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Masu su ne suka nema."

"To sharar fa? Ga raga kuma."

"Na gama tun ƙarfe tara. In ka ga datti ka kira ni."

Ya ce shi tsoronsa ciwo, kar a koma gidan jiya. Ta nuna masa yadda take yi: sabulu a baho na farko, ruwan zafi daga buta a na biyu, kuma ba mai shan na wani. Ya ce to, amma in ruwa ya ɗauke a koma na soso, kuma baƙi da na soso za a ba su. Ta ce ta ji. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Ni babu nawa, ko?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauko wani fari mai zanen ganye, na wani tela da ya bar aiki tuntuni, ta miƙa masa. Yakan sha da shi in ya tuna. Sau da yawa ba ya tunawa.

Ba kowa ya dawo ba. Da abin ya yi yawa ya kai mutum arba'in, sauran suka tsaya kan na soso, musamman masu aikin da ake biya da yawan abin da suka ɗinka, waɗanda ba sa son tashi daga keke. Ni kaina sai da na yi kusan shekara kafin na nemi shuɗina, don ina son shayina da zafi, kuma na tangaran kafin in gama layin maɓalli ya huce. Gwaggo ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko a gida. Ran da na je na tambaya, cewa kawai ta yi, "Har yanzu rabi kike sha?" Gangar shara dai ta daina batsewa, direban shara ya koma sawu ɗaya. Ragar kwata kuwa kullum da abin da za a kwashe, don layin bai canja ba.

Shekara huɗu ta ƙara a haka, tana shara, tana kwasar raga, tana wanke-wanke. Gwiwar hagun ce ta ƙi. Da ta fara kasa durƙusawa a bakin kwatar, 'ya'yanta suka taru suka ce ya isa. Ranar da za ta tafi aka tsayar da kekuna minti goma, manaja ya yi ɗan jawabi, aka ba ta bargo da agogon bango. Almakashi ya yanka mata yadi mai kyau da hannunsa, ya ce kar ta ba kowa ɗinkin sai ni. Ita dai godiya ta yi, ta ce a yafe mata in ta taɓa ba wani shayi da sanyi.

An ɗauki wata a madadinta, amma shara kawai aka ce ta yi. Yanzu kowa shi ke wanke nasa, in ya ga dama. Wasu sun gaji sun koma na soso, mun rage kamar ashirin da biyar. Almakashi ya rasu bara, 'yarsa ta zo ta karɓi kayansa.

Gwaggo tana gida. Renon tumatir ɗinta a tsofaffin gwangwanaye take yi yanzu, a zaune kan kujera 'yar tsugunne, maigidanta na miƙo mata ruwa yana zubar da rabi a hanya. Duk Asabar nakan leƙa su, ta tambaye ni labarin wurin aiki: wa ya haihu, wa ya tafi, ko famfo na kawo ruwa. Makon jiya na gaya mata katako na biyu ya saki a gefe ɗaya, ya karkace, mun kwashe kofunan mun jibge su a baho.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce ya kai wata guda, an gaya wa manaja, ya ce za a kira kafinta.

Ta yi tsaki. Ta ce wa maigidanta ya tashi ya duba akwatinsa na kayan mota. Ya daɗe yana lalube yana mita, ya fito da guduma da dogayen ƙusoshi uku. Ta naɗe su a tsumma ta cusa mini a jaka, ta ce in buga a ɗan sama da tsohon ramin, don bangon wurin ya sha ruwa.

Ran Litinin na je da wuri. Ɗaya daga cikin matan guga ta riƙe mini katakon, na buga. Ƙusa ɗaya ta lanƙwashe, biyu suka shiga.